Allo na Shida

Duk wanda ya daɗe a Kakuri ya san Baba Shekari, dogon tsohon nan da ya shekara talatin a masaƙa har aka garƙame ta. Amma in kana son bakinsa ya buɗe, taɓo masa zancen cocinsu na Katolika. Tsohon gini ne na jan bulo, bango mai kauri, tagogi dogaye masu gilashi launi-launi, ko rana na ƙuna cikinsa da sanyi. Ma'aikatan jirgin ƙasa suka gina shi tun zamanin Turawa, matansu na ɗebo ruwa a ka daga kogi.

A jikin bangon akwai allunan maɗaci goma sha huɗu na Hanyar Gicciye, masu nuna tafiyar Yesu zuwa wurin da aka gicciye shi. Uban Shekari ne ya sassaƙa su, kuma da yake bai taɓa ganin Bayahude ba, sai ya ari fuskokin maƙwabta. Allo na shida, inda wata mace, Veronika, ke share wa Yesu fuska da mayafi, fuskar matar masassaƙin ce sak, har da tsagar kumatu. Ta rasu Shekari na goye, kuma ko hotonta ɗaya babu a duniya. Nan kaɗai ya san kamannin uwarsa. Duk azumi yakan shafe allunan da man kaɗanya, na shidan kuwa har ya riƙa ƙyalli.

Bara ya tafi gida aikin ido, ya yi wata biyu. Da ma bai warke ba, in ji shi, da abin da ya dawo ya gani! Tony, sabon shugaban kwamitin coci, ya sa an lulluɓe bulon da farin tayil kamar banɗakin otal. Allunan kuma an sauke su, an rataya waɗansu na roba masu fitila tana ƙyaf-ƙyaf. Tir! Wai ci gaba ke nan.

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji Tony. "Tsofaffin suna sito."

Suna sito kuwa, ƙarƙashin karyayyun kujeru da kashin ɓera. Shekari ya ƙirga sau uku, goma sha uku ne. Na shida babu. Ya tambayi Fada, limamin cocin, ya tambayi katekis mai koyar da addini, ya tambayi maigadi, kowa sai ya ɗaga kafaɗa.

Ranar bikin godiyar kaka ya zaga bayan coci, inda matan zumunta ke dafa farfesun kayan ciki. Ga Saratu, shugabarsu, a durƙushe tana datsa tumbi a kan wani baƙin katako mai kauri, ƙudaje sun yi dandazo, ruwan hanji na tsiyaya ƙasa. A gefen katakon ya hango ƙugiyar ƙarfe ta ratayewa. Nan take ya matsa kusa.

"Saratu, ɗaga wannan naman."

"Lafiya, Baba?"

"Ɗaga, na ce!"

Ya kife katakon. Ga Yesu, ga gicciye, ga mayafi a hannun mace. Wajen fuskar macen kuwa fari fat, sumul, sabon itace.

"Ayya Baba, kada ka ga laifinmu," in ji Saratu tana goge wuƙa da zaninta. "Goshin nan da hancin suka hana shi zama daidai a ƙasa. Sai muka ba kafinta ya fere."