Almakashin Malam Lurwanu

Da an sallame sallar asuba a masallacin unguwarsu a Karaye, Malam Lurwanu Sulle ba ya komawa barci. A tsaye yake shan kokonsa, ya ɗaure tsohuwar jakarsa a bayan babur, ya nufi makarantar sakandaren da ya yi wa hidima shekara talatin da biyar. Kafin ɗalibai su iso ya goge faifan sola, ya kunna kwamfutoci goma sha ɗaya da suka rage da rai, yana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba awaki a turke. Da tafireta ya fara aiki a ofishin shugaban makaranta, kuma da hannunsa aka buɗe kwalin kwamfutar farko da ta shigo makarantar. A jakar tasa ba a rasa sukundireba da goro, da wani almakashi mai baƙin mariƙi.

Almakashin nan shi ne abin magana. Tsofaffin ɗalibansa da suka yi digiri a fannin kwamfuta, duk wanda ya tashi neman digiri na biyu, wurinsa yake dawowa. Shi kuwa bai taɓa ce wa kowa karanta kaza ba. Zai fitar da jerin darussan kowane kwas a takarda, ya juya baya, ya yanke sunan digirin da ke sama, ya cakuɗa takardun, sannan ya miƙa wa mai neman shawara. Abokan aikinsa har tsokanarsa suke yi da telan takarda. Dariya kawai yake yi, ya jefa guntayen a wani gwangwanin madara.

Suwaiba, tsohuwar ɗalibarsa 'yar garin Zoza, ta zo masa wata Laraba bayan la'asar. Ita ce mai kula da kwamfutar ajiyar bayanan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a yankin Rogo. Shekara huɗu tana neman hutun ƙaro karatu kafin a ba ta, kuma an gaya mata ƙiri-ƙiri cewa sau ɗaya ake bayarwa. Ranar Juma'a za a rufe fom. Idan ta zaɓi abin da bai dace da ita ba, shi ke nan, ba ta da wata damar.

Bayan sun gaisa, ya tambayi mutanen gida da damina, ta ce, "Malam, ni fa an gama zaɓa mini. Yaya Awaisu ya ce tsaron intanet zan yi. Har ya gaya wa mutane a majalisa."

"To, madalla. Ke kuma me kika gaya wa kanki?"

Ya tashi ya fitar da takardu uku, almakashi ya yi aikinsa, ya ajiye mata su a kan tebur. Ya ce, "Karanta a tsanake, 'yata. Wadda kika ji kina ɗokin ranar da za a fara koyar da ita, miƙo mini."

Ta farko ta karanta ta ajiye. Ta biyu ma haka. A ta uku yatsanta ya tsaya a kan wani layi: yadda ake tsara bayanai ta yadda ba za su ɓace ba, kuma a same su nan take daga kowane reshe. Sai ga hawaye. Ta ba shi labarin wata mai ciki da aka kawo asibitinsu bara, katinta ya ɓace, aka yi ta laluben fayil ɗinta ba a samu ba, ba wanda ya san an taɓa yi mata tiyata sai da abu ya kusa ɓaci. Allah ya yi matar tana da sauran kwana. Amma tun daga ranar, Suwaiba ba ta ƙara kallon kwamfutar nan da kwanciyar hankali ba.

Malam ya haɗa takardar da guntun sunan da ya yanke daga samanta. Digirin sarrafa bayanan lafiya ne.

Washegari sai ga Awaisu a kan babur, ransa a ɓace. Ko gaisuwar ma a gajarce ya yi ta.

"Malam, da girmanka? Yarinya za ta je ta karanto abin da ake jin sunansa a rediyo, ka mayar da ita mai jera katin asibiti? Me zan ce wa mutane?"

Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce masa tsaron intanet karatu ne mai kyau, akwai ɗalibansa da suka zaɓe shi a kan teburin nan ba tare da sun ga sunansa ba, kuma suna jin daɗinsa. Sannan ya jawo gwangwanin, ya zazzage, ya zaro wani guntu da ya yi jawur don tsufa.

"Wannan nawa ne, Awaisu. Ni ma sau ɗaya aka ba ni hutun. Na ga suna mai cika baki, na cike fom ban karanta abin da ke ƙarƙashinsa ba. Shekara biyu ban taɓa waya ko sukundireba ba, abin da nake so ke nan kuwa. Da na dawo aka ce digirin bai shafi aikina ba, ba a ƙara mini ko mataki ɗaya ba. Sunan digirin nan nawa shi na fara yankewa, amma a lokacin aikin gama ya riga ya gama."

Awaisu ya daɗe yana juya guntun a hannunsa. Can ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Malam. A cike mata wanda take so." Ranar Juma'a da hantsi aka tura fom ɗin.

Kai ne, Malam Lurwanu, ka ɗauki kuskuren da wani zai ɓoye har kabari, ka ajiye shi a gwangwani inda hannunka zai kai gare shi duk ranar da wani ya buƙata. Kai ne ka ga yaran da ka koya wa riƙe linzamin kwamfuta sun wuce ka a muƙami, kana yi musu murna har cikin ranka. Abin yana da ciwo, mun sani, kuma ba mu taɓa jin ka yi ƙorafi ba.

A watan jiya aka yi walimar ritayarsa a harabar makarantar. Suwaiba ta zo, yanzu ita ke kula da bayanan ƙananan asibitoci shida, kuma mai ciki ko ta yar da katinta a hanya, sunanta kawai za ta faɗa. Da aka ba ta dama ta yi magana, ba ta yi dogon jawabi ba. Cewa ta yi, "Malam, alfarma ɗaya nake nema. Ka bar mini almakashin."

Ya buɗe jaka ya miƙa mata. Ta kai hannu ga gwangwanin da ke cikin jakar ma, ya riƙe abinsa.

"A'a, 'yata. Wannan na waɗanda suka makara ne. Ke ba ki da rabo a ciki."

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya sa ka ci moriyar hutunka cikin ƙoshin lafiya. Mu kuma da ƙannenmu ke zuwa neman shawara, mu daina zaɓa musu sunan da za mu yi alfahari da shi a majalisa. Mu zaunar da su su karanta abin da ke ƙasan sunan tukuna. Shi Malam bai samu wanda ya yi masa haka ba.