Ranar da Ruwan Rininmu Ya Fito Garau

Komai tsufan da zan yi, ranar da ruwan rininmu ya fito garau ba za ta bar zuciyata ba.

A Bungudu ne, ƙarshen shekarun casa'in. Ni da mahaifiyata muna rinin zannuwa a gida. Mun daina amfani da ganyen baba, mun koma garin rini na kanti da ake sarowa daga Gusau, wanda ake haɗawa da soda mai cin hannu. In mun gama, mu tuttular da ruwan ta rariya, ya taru a wani rami bayan katanga, baƙi ƙirin. Maƙwabta suka yi ta ƙorafi har suka kai mu gaban mai unguwa.

Yayana da ke koyar da kimiyya a Tsafe ya zo hutu ya tarar da rigimar. Ya sa muka tara ɓawon gyaɗa da totuwar masara, ya ƙona su a rufaffiyar gwangwani, ya jiƙa gawayin a ruwan toka, ya sake gasawa, muka daka. Ya huda gindin randa, ya shimfiɗa yashi, ya zuba garin gawayin a kai. Muka kwara ruwan rini. Wallahi sai da na yi salati! Ruwan da ya shiga baƙi ya ɗigo fari tas kamar na rijiya.

"Launin kawai gawayin ya kama," in ji shi. "Sodar tana nan. Kada kowa ya sha."

Mu na gida mun ji. Muka riƙa tace ruwan a randar kafin mu tuttular, ramin kuwa ya cika da farin ruwa, ƙorafi ya mutu, har mata na shigowa kallon randa.

Akwai wata dattijuwar Bafulatana daga wajen Nahuce da ke kawo mana nono, Inna muke ce mata. Saniya ɗaya ta rage mata, da ita take ciyar da jikokinta marayu. Da rani ya tsananta takan koro ta gari neman ruwa. Shekara da shekaru tana wuce raminmu, ba ta taɓa barin saniyar ta kusance shi ba, don makiyayi da ido yake auna ruwa. Ran nan ta ga fari, ga ƙishi, ta bar ta ta sha.

Da la'asar muka ji kururuwa. Na leƙa na ga saniyar a durƙushe, dalala na zuba, bakinta ya saluɓe. Maza suka ce a yanka kafin ta yi mushe. Inna ta riƙe ƙahon ta ƙi saki, sai da aka ɓamɓare hannunta.

Aka yanka ta. Mahaifiyata ta faɗi gaban Inna tana kuka, tana neman gafara. Inna ba ta zagi kowa ba, da ma ta zaga ɗin. Ni ta kalla ta ce, "Ɗiyata, mi ya sa kunka wanke shi? Da yana baƙi ai na san shi."

Ba ta sake kawo mana nono ba. Yayana ya fasa randar da hannunsa.

Har yau abin yana ci mini rai. Na koyi cewa in ba ka iya raba abu da cutarsa ba, to ka bar masa muninsa, don shi kaɗai ke gargaɗin wanda ba ya nan lokacin da aka yi bayani.