Ranar da Gyaran Muryar Baba Ya Buɗe Layi

Wata rana na shigo falonmu na tarar ana cacar baki.

"Nafi'u, cire abin nan daga jikin wayar nan!"

"Gwaggo, saura kaɗan fa!"

"Tun hantsi kake cewa saura kaɗan!"

'Yan yanzu ba za ku gane ba. A lokacin, tarho ɗaya ne a duk unguwarmu, na gidanmu. Kowa lambarmu yake bayarwa. Kuma ta igiyarsa intanet ke shigowa. Muddin Yaya Nafi'u ya jona kwamfuta, duk wanda ya kira ba zai samu shiga ba.

Gwaggo Tabawa maƙwabciyarmu ce. 'Yarta na naƙuda a asibiti a Jos, an ce za a bugo. Ko ruwa ta ƙi sha.

Shi kuma Yaya?

Hoton mota yake saukewa. Daga sama hoton ke fitowa, a hankali, a hankali. An kai gilashin motar.

Gwaggo ta ɗaga kan tarho, ta ji ƙiiiii, ƙurrrr, ta yar da shi tana a'uziyya.

Ni kuwa na san mutum ɗaya da Yaya ke tsoro, ga shi yana kasuwa.

Sai na sulale zaure, na zura takalman Baba, na ja su a ƙasa. Na yi gyaran muryarsa, mai hawa biyun nan. Na kumbura maƙogwaro:

"Wane ne ya riƙe min layi?"

Ban rufe baki ba Yaya ya fizge igiya, har da lulluɓe kwamfuta da darduma.

Ƙirrrrr!

Gwaggo ta cafke. Ta kasa kunne. Sai guɗa:

"Ta sauka lafiya! Mace ce!"

Ashe surukinta tun safe yake bugawa.

Na shigo falo ina jan takalman Baba. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye.

Da Baba na gaske ya dawo, ya kafa doka: intanet sai bayan Asuba, kafin jama'a su fara kira.

Ranar suna kuwa, sunana aka raɗa wa jaririyar.

Darasi: Abin da jama'a suka dogara da shi, idan ya zo hannunka, yi ka saki. Kai nishaɗi kake, wani ransa ne a kai.

Ku tura wa duk mai kwanciya a kan kayan jama'a. Ni na fara da Yaya Nafi'u, ga amsarsa:

"Ke kika ja har yau ban ga tayoyin motar nan ba."