Baƙar Safa a Bakin Kamara

Ni mai hoto ne a Funtua, na biki da suna da fasfo. Ban iya iyo ba, ruwa in ya wuce gwiwata salati nake farawa. Amma akwai shekarar da rawar kai ta sa na sayo wani kwanson kamara wajen 'yan gwanjo a Kaduna, irin wanda ake kulle kamara a ciki a tsunduma ta cikin ruwa. Gabanshi ƙoƙon gilashi ne, kamar rabin ƙwarya. Wai zan riƙa ɗaukar ma masu kiwon tarwaɗa hoton kifinsu. Ina! Ruwan tarwaɗa kunu ne, ko tafin hannunka ba ka gani. Haka abin ya zauna bisa kabad, matata tana ce mashi tukunyar asara.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, masunci ne a wani dam na ƙasa can bayan Ƙarfi. Dattijo ne marar yawan magana, tunda matarshi ta rasu yake zaune shi kaɗai a ɗan ɗakinshi na bakin ruwa. Dam ɗin nan shi ne gonarshi, shi ne majalisarshi. Kuma duk ranar da ruwa ya ci wani, shi ake kira. Sai ya tsaya ya dubi yadda iska ke kaɗawa, ya hau goranshi ya nufi wuri ɗaya, ya fiddo gawa. Ana yi mashi godiya, amma na sha jin ana cewa a bayan idonshi: ya aka yi kullum yake sanin wurin? A daminar da ta gabaci labarin nan wani saurayi, ƙanen shugaban manoman rani, ya nutse a wurin. Kawu ne ya fiddo shi.

Da rani ya yi, bututun da ke kai ruwa gonakin tumatir da albasa ya toshe. Shuka ta fara yaushi. Kawu ya tsufa, ba ya iya daɗewa a ƙasan ruwa, shi ne ya tuna da tukunyar asarata, ya aiko in zo mu leƙa mu ga abin da ya toshe bakin bututun. Wallahi har da murnata na tafi.

Ruwan ya kwanta, ana ganin kamar kamu biyu. A irin wannan ruwa dole ka matsa daf da abu, don haka na ɗaura gilashi mai faɗin gani, wanda ke kwaso fili da yawa daga kusa. Na saita kamarar ta riƙa ɗauka da kanta, muka ɗaure ta a doguwar sanda. Kawu ya hau gora ya zura ta. Hantsi ne, yana fuskantar gabas, rana na dukan ruwan.

Da ya fito, manoma suka rufe ni ana leƙe. Ga bakin bututu nan dishi-dishi. Amma a samanshi, tsakiyar hoton, ga wani abu zagaye, fari-fari a gefe, baƙi wuluk a tsakiya, da wasu 'yan zane-zane kewaye da shi. Ido sak, ƙaton ido yana kallonka daga cikin ruwa.

Wani ya ce, "Innalillahi!"

Ni dariya ma ta so kama ni, don na san mene ne. Rana ce ta shiga ƙoƙon gilashin, ta haska gaban kamarar, zoben ƙarfen da farin rubutun da ke jikinshi, sai ƙoƙon ya maido da su kamar madubi. Kamarar hoton fuskarta ta ɗauka. Na faɗa masu haka, na maimaita. Ba wanda ya yi mani musu, kuma ba wanda ya dube ni. Kafin in ankara wani ya ɗauki hoton da wayarshi daga jikin kamarata. Shugaban manoman kuwa ya daɗe yana kallon Kawu, wanda ke gefe yana matse wandonshi.

Kafin in isa Funtua hoton ya riga ni. A tasha wani ɗan acaɓa ya nuna mani shi, yana ce mani ai wani tsoho ne ke kiwon abin, duk shekara sai ya ba shi mutum. Na ce mashi don ubanshi ni na ɗauki hoton. Ya ce to ai kuwa na fi kowa sani.

Cikin kwanakin nan mahaifiyata ta kira ni tana kuka. An daina sayen kifin Kawu. Matan da ke aika mashi da tuwo sun daina. In ya doso majalisa sai kowa ya tuna yana da uzuri. Hankalina ya tashi ƙwarai, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don na san yadda irin wannan magana take ƙarewa a ƙauye.

Na zauna na yi aikin da na san zai kashe maganar. Na sa baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, na shafe farin rubutun gaban gilashin. Na naɗe zoben ƙarfen da baƙin salatif na masu wayarin wutar lantarki. Sannan na yanke wuyan wata baƙar safa, na zura ma bakin kamarar don kada a bar ko ɗigon abin da zai yi ƙyalli. Na gwada a baho a tsakar gida, rana na bayana, rana na gefena. Tas, babu komai. Na aika ma mai'unguwa cewa ina so a taru a bakin dam, kowa ya gani da idonshi.

An taru kuwa, har da waɗanda ba su da ko kwami ɗaya na albasa. Na jira rana ta karkata bayan Azahar. Na ce ma Kawu ya ba ta baya, ya ɗan sunkuyar da sandar ƙasa. Ina durƙushe ina gyara safar a bainar jama'a, ban kawo komai a raina ba, na dai ji surutu ya ɗauke.

Hoton ya fito fes. Bakin bututu, reshen ƙaya ya gitta, tsofaffin buhunan taki sun naɗe shi. Shi ke nan abin da ya hana su ruwa. Na ɗaga kamarar ina zagayawa da ita, ina cewa, "To ga shi nan! Ina idon? Buhunanku ne da kuke yarwa!"

Shugaban manoman ya matso, ya nuna bakin kamarar da ɗan yatsa ba tare da ya taɓa ba. Ya ce, "Malam mai hoto, wannan baƙin ƙyallen fa?"

Na ce, "Safa ce, Alhaji. Safar ƙafa."

Ya ce, "Mu dai mun san inda ake aiki da baƙin ƙyalle. Kuma ba masallaci ba ne."

Sai a lokacin na gane abin da suka gani. Ɗan ƙanwar tsohon da ake zargi ya zo ya durƙusa a bakin ruwa, ya ɗaure ma kamara fuska da baƙin ƙyalle, bakinshi na motsi. Lissafin haske nake yi, amma wa zai yarda? Raina ya ɓaci. Na ce to bari in nuna maku. Na buɗe kwanson, na fizge safar, na ɓare salatif ɗin, na goge makar da gefen rigata, na maida kamarar na kulle. Kawu ya riƙe mani hannu, ya ce a hankali, "Ɗana, bari." Ban saurare shi ba. Na shiga ruwan da kaina har ƙugu, ni da ban iya iyo ba, na juya na fuskanci rana, na zura kamarar. Na fito na miƙa ma mai'unguwa.

Ga idon nan ya dawo, har ya fi na farko haske.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka gani? In na so ya fito, in na so ya ɓace!"

Mutane suka ja baya gaba ɗaya, har wani ya taka ƙafar wani. Wata tsohuwa ta ja jikanta ta rufe mashi fuska da mayafi. Mai'unguwa ya miƙo mani kamarar da yatsu biyu, ya ce, "Mun gani."

Da aka kira La'asar muka shiga ɗan masallacin bakin gonaki. Ba a hana mu ba. Aka tada iƙama, liman ya ce a daidaita sahu, a cike gurbi. Na tsaya kafaɗata a jikin ta Kawu. Ta ɗaya gefenshi akwai wurin mutum biyu, haka ya zauna har aka sallame. Ina jin numfashinshi, ina jin yadda gwiwarshi ke ƙara in zai yi sujada. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba.

Washegari samari suka shiga da ƙugiya, daidai inda hoton ya nuna, suka jawo ƙayar da buhunan. Ruwa ya tafi gonaki, tumatir ya farfaɗo. Aka ce ai dama tunda asiri ya tonu dole abin ya saki. Da yamma mai'unguwa ya zo da kanshi, ya zauna bisa tabarmar Kawu, suka gaisa sosai, don tare suka yi ƙuruciya. Ya ce shi bai ce komai ba, bai kuma yarda da komai ba, amma samari sun fara maganar fetur, kuma ba ya iya riƙe su.

Ni na ɗauko a-kori-kura. Kayan ba su cika rabinta ba: tabarma, buta, akwati, taru da goranshi. Ba wanda ya fito rakiya. Muna wucewa ta gaban majalisa Kawu ya ɗaga masu hannu ya yi sallama, mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma ciki-ciki.

Yana Matazu yanzu wajen ɗiyarshi, a unguwar da ruwa sai na rijiya. Ya rame, ya ƙara shiru. Bai taɓa ɗora mani laifi ba, ko a fuska. In na je gaishe shi sai ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi yara, sannan ya matso kamar mai tsoron a ji, ya ce, "Ɗana, bana ruwan ya kawo ina? Ya taɓa gindin giginyar nan ta bakin dam?"

Ni ma an aiko mani tun tuni kada a sake ganin ƙafata a wurin. Sai in ce mashi ban sani ba, Kawu. Ya gyaɗa kai, ya ce in na samu wanda ya je, in tambayar mashi.