Malama Nusaiba Mai Yi wa Kyamara Fifita

Da zarar ta idar da sallar asuba, Malama Nusaiba takan jera baturanta a tabarma kamar mai shanyar kuɓewa, ta ware masu caji. Sannan ta goge gilashin kyamara, ta jefa ta a jaka, ta fita daga Dutse ta tari motar Kafin Hausa ko Buji, duk inda ake biki. Ta daɗe a kan wannan hanya. Yanzu ciwon kafaɗa ya sa za ta ajiye aikin, ni kuwa na ce ba za ta ajiye shi shiru ba.

Kyamarar tata irin ta masu shirya fim ce, amma 'yar ƙarama, hannu ɗaya ya ishe ta. Masu biki sun sha raina ta: "Da wannan 'yar abar za ki ɗauke mu?" Malama ba ta musu, don ta san halin kayarta. Ga cin batur, in rana ta take sai ta ɗau zafi ta mutu, hannu na ɗan motsawa hoto ya hau rawa, sauti kuma sai an matso kusa. Amma tana shiga inda ƙatuwar kyamara mai ƙafafu da fitila ba ta isa ta shiga ba: can cikin gida, wurin tsofaffin da ke rufe fuska da sun hango mai ɗauka.

Ni shaida ce. Ni 'yar fari ce, kuma mahaifiyata, Inna Iyatu, ta riƙe kunyar 'yar fari da gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "waccan" nake. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Ranar bikina a Aujara ta gudu ɗakin maƙwabta ta ɓuya. Na roƙi Malama ko fuskarta ce ta samo mini.

Malama ta same ta, ta durƙusa ta gaishe ta, ta nemi izini.

"Ɗauki, 'yar nan," in ji Inna, "amma ni ba ni da abin faɗi."

Ɗakin kwano ne, ga zafi, nan take kyamara ta mutu. Da wata ce, da ta tattara ta fito. Malama ta zare batur, ta jawo mafici ta hau yi wa kyamara fifita. Inna ta tuntsire da dariya.

"Yau ga jaririya! Haka na yi ta yi wa waccan lokacin da ta yi ƙyanda."

Malama ta mayar da batur, ta kunna a gaban idonta, ta ce, "Wace waccan, Inna?"

Inna ta dubi tabarma. Sannan ta ɗago ta ce, "Rabi'atu mana. Allah ya yi mata albarka. Ba ta taɓa saɓa mini ba."

Inna ta rasu ba da daɗewa ba. Hoton yana ɗan rawa, har kukan akuya ya fito a ciki, amma ba ni da abin da ya fi shi.

Malama Nusaiba, mai haƙurin zama da tsofaffi, ina alfahari da ke. Ke ce kika san ƙaramar kyamara ba ta ba mutum tsoro, kuma ba a yi mata gaggawa. 'Yan matan da ke sha'awar wannan sana'a, ku je ku koya tun tana kusa, ku fara da gaisuwa da neman izini kamar yadda take yi. Allah ya ba ki lafiyar kafaɗa, ya saka miki da alheri. Saboda ke, duk ranar da na yi kewar Inna sai in kunna, in ji ta kira sunana.