Ƙafar Yayata Ta Dawo Zariya

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Abuja, ni da yayata. Ita aka kwantar a kujerar baya, an tokare ta da filo uku, saboda ƙarin da ya fito mata a ƙashin ƙugu ya hana ta zama. A asibitin Zariya an gaya mana sai dai a cire ƙafar dama tun daga tushe. Matar da keken ɗinki na ƙafa ne abincinta!

Hanyar Kaduna kuwa sai addu'a. Duk ramin da direba ya faɗa sai ta damƙe hannuna, ni kuma in sauke masa masifa. A Tafa muka ci masa, tsadarta kamar da zinariya aka soya, ga ta ba yaji.

A Kubwa muka sauka gidan ƙanin babanmu. Mutanen nan ba sa barci, jama'a. Gari bai waye ba an cika titi ana kokawar shiga bas.

Likitan da muka je gani a asibitin Abuja bai ɓoye mana komai ba. Ya ce za su yanke ƙashin da ya lalace su sa ƙarfe a gurbinsa, amma idan ƙarin ya kama manyan jijiyoyi, ƙafar ba za ta tsira ba. Da za a shiga da ita ɗakin tiyata, ta zaro farin ƙyalle daga jakarta ta miƙo min.

"In sun yanke, kar ki bari a zubar. Ki naɗe ta a binne a gida."

Na wuni a benci da ƙyallen a cinya, ko ruwa ban sha ba. Da aka turo ta ban ko dubi fuskarta ba, bargon na ɗaga. Ƙafa biyu! Na ƙwala kabbara har mai gadi ya leƙo.

Sauran aikin na wata nas ne, mai Hausar Abuja, ba ruwanta da mace ko namiji. Kullum sai ta zo: "Madam, ka tashi ka taka, ba na son lalaci!" Yayata ta yi kuka, ta yi dariya, har ta fara takawa da sanduna. An dai ce keken sai nan gaba, kuma za mu riƙa komawa ana dubawa.

Tafiyar nan ta koya min kada a sa hannu a yanke gaɓa sai an ƙara jin ta bakin wani likita.

Mun iso Zariya da la'asar, gida cike da masu jaje, kowa na kawar da kai daga zanenta. Innarmu ba ta gani sosai. Ta durƙusa a bakin mota ta lalubo ƙafar hagu, ta lalubo ta dama. Yayata ta motsa mata yatsu a tafin hannu. Sai tsohuwa ta rangaɗa guɗa.