Kawu Ya Juye Kwanona a Tire

Yau a wajen sunan ɗan ƙanena a Kurfi, ana ajiye tiren shinkafa na ja gefe da ɗan kwanona. Haka nake yi tun da farin ɓawon nan ya feso mani a hannu.

Kawu Sale, yayan mahaifiyata, ya ce, "Nura, wa ya ware ka?"

Na ce, "Kawu, mutane ke ƙyama. Likita a Dutsin-Ma ya ce ciwon fata ne mai suna soriyasis, ba a ɗauka. Garkuwar jikina ce ta rikice take faɗa da fatata. Har sabulun magani da nake dirza ya hana ni, wai fata na da nata ƙwayoyin masu amfani, ni kuma ina ta kashe su."

Kawu ya ɗauki kwanon ya juye a tire, ya cuɗa da hannunsa, ya kai loma. Ya dubi sauran ya ce, "Bismillah mana."

Kowa ya sa hannu. Malam Idi, maƙwabcinmu da ya daina ba ni hannu, shi ya turo mani tsoka gabana.

Wallahi na daɗe ban ƙoshi irin na yau ba. Ku fa, wa ya taɓa maido ku cikin mutane?